Yadda ma'aikatan laburare za su tsara shafin intanet da ba ya ɓata wa mai karatu lokaci

Wanda ya buɗe shafin intanet na laburare ba yawon buɗe ido ya zo ba. Da buƙata ya zo, kuma da wuya buƙatar ta wuce ɗaya cikin biyar: ko yana neman wani littafi ko muƙala, ko yana son sanin a buɗe ake ko a rufe, ko wa'adin littafin da ya ara ya kusa cika yana son a ƙara masa, ko yana neman ƙofar shiga mujallun da laburaren ya biya wa kuɗi, ko kuma mutum yake nema ya yi wa tambaya. Duk abin da za ku ɗora a shafin, da waɗannan biyar za ku auna shi. A 1931 masanin laburaren nan ɗan Indiya, Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar na wannan aiki, ta huɗunsu ita ce a tattala wa mai karatu lokacinsa. Bai riski zamanin intanet ba, amma ƙa'idar ta zauna wa shafin laburare daram.

Babban kuskuren da ake fara yi shi ne a zuba shafin bisa tsarin ofis: sashen saye, sashen kataloji, sashen mujallu, jawabin maraba na shugaba da hotonsa, tarihin kafuwa. Ma'aikata sun san abin da ke bayan kowace ƙofa, shi ya sa tsarin yake yi musu daidai. Mai karatu kuwa bai san wane sashe ne ke da hurumin sabunta aro ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani.

Kafin a taɓa kwamfuta

Ku ajiye littafin rubutu a teburin karɓar tambayoyi na tsawon mako biyu. Duk tambayar da aka yi, baki da baki ko ta waya ko ta imel, a rubuta ta da kalmomin mai tambayar, kada a gyara masa. Idan ya ce "har ƙarfe nawa kuke kaiwa?", haka za a rubuta. Bayan mako biyu sai a ƙirga. Tambayoyi goma da suka fi maimaituwa su ne ƙashin bayan shafin farko, kalmomin da aka yi su da su kuma su ne sunayen da za ku liƙa wa maɓallai.

In kuna da tsohon shafi, ku jera duk shafukan da ke cikinsa a takarda ɗaya, kowanne da sunan wanda ke kula da shi da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. A gaban kowanne a rubuta hukunci: a bar shi, a haɗe shi da wani, ko a goge. Shafin da ba wanda ya yarda nasa ne, gogewa ta fi masa. Kwashe tarkacen tsohon gida a zuba a sabo ba gyara ba ne.

Daga nan sai rabon kati. A rubuta batutuwan da suka rage a kan ƙananan katuna talatin zuwa arba'in, batu ɗaya a kowane kati. A ba masu karatu kamar goma sha biyar, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kasa katunan yadda ya ga sun dace da juna, ya kuma raɗa wa kowane kashi suna. Inda akasarinsu suka yi ittifaƙi, nan ne jerin zaɓin da ke saman shafi zai fito. Zaɓi biyar zuwa bakwai sun wadatar, kuma jerin ya tsaya wuri guda da tsari guda a kowane shafi.

A kan sunaye kuwa, ku yi hattara da yaren sana'a. OPAC, sunan da ma'aikata ke kiran jerin littattafan da ake bincikawa ta intanet, ba ya nufin komai ga ɗalibin da ya shigo bana, amma "Nemi littafi" kowa ya gane. Haka sunayen rumbunan mujallu irin su JSTOR: a bar sunan, amma a bi shi da layi ɗaya da ke faɗin abin da ke ciki da fannin da ya shafa da kuma wanda ke da izinin shiga.

Akwatin bincike

Nan ne aka fi yin ɓarna, don haka ya kamata a daɗe a kansa. Akwatin ya zama babba, a sama, inda ido zai fara sauka ba tare da an ja shafi ƙasa ba, faɗinsa ya ɗauki haruffa kamar talatin don mutum ya ga abin da ya rubuta. A jikinsa a faɗi ƙarara abin da yake bincikawa: "Nemi littafi, mujalla ko kundin digiri".

Ga inda matsalar take. Yawancin laburare suna da manhaja biyu ne da ba su san juna ba: ɗaya tana riƙe da shafin, kamar WordPress ko Drupal, ɗaya tana riƙe da kataloji, wato jerin littattafan laburaren, kamar Koha. Akwatin da ke zuwa tare da WordPress labarai da shafukan bayani kawai yake lalubawa, ba ya leƙa kataloji. Mai karatu ya rubuta sunan littafi, aka ce masa ba a sami komai ba, sai ya rufe ya tafi da yaƙinin cewa ba ku da littafin, alhali yana nan kan kanta. Ba zai kawo ƙara ba, ku ma ba za ku taɓa sani ba. Maganin shi ne babban akwatin shafin farko ya aika da bincike kai tsaye zuwa kataloji. A Koha wannan ɗan ƙaramin fom ne da ke tura abin da aka rubuta zuwa adireshin opac-search.pl, aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya san HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi. Binciken cikin shafi, idan ana buƙatarsa, a mayar da shi ƙarami a gefe, da suna daban.

Kada a bar shafin "ba a sami komai ba" tsirara. A sa masa shawarar rage kalmomi ko duba rubutu, da mahaɗin neman a sayo littafin ko a aro shi daga wani laburare, da hanyar tuntuɓar ma'aikaci.

Ku kuma gwada haruffa na musamman. Ku nemi "ƙasa", ku sake neman "kasa", ku ga ko sakamako ɗaya ne. Mutane da yawa ba sa saka lanƙwasa idan suna rubutu a waya, kuma wasu tsofaffin bayanan kataloji ma ba su da ita. Idan injin binciken ya ɗauki ƙ da k a matsayin baƙi biyu da ba su haɗa hanya ba, rabin littattafan za su ɓuya. Ana iya saita shi ya daidaita su. Haka abin yake ga kowane harshe mai ɗigo ko wasali a kan harafi.

Abu na ƙarshe a nan: idan mai karatu ya tsallaka daga shafinku zuwa kataloji, kada ya ji kamar ya faɗa gidan wani. A sa tambari ɗaya da launi ɗaya a duka biyun, da mahaɗin komawa shafin farko. Koha tana da gurbin OPACUserCSS don wannan aikin.

Lokutan buɗewa su ma shafin farko ne wurinsu, a rubuce, ba hoton takardar da aka liƙa a ƙofa ba. Hoto ba ya fitowa a bincike, manhajar karanta wa makafi ba ta ganinsa, kuma gyara shi wahala ne, shi ya sa yake kwana da tsohon bayani. A rubuta lokutan a wuri ɗaya tak, sauran shafuka su janyo daga can, don kada ranar hutu wani shafi ya ce a buɗe wani ya ce a rufe.

Waya tukuna

Ku fara zanen daga ƙaramin allo, sannan ku faɗaɗa shi zuwa kwamfuta. Ƙuncin allon waya yana tilasta wa mutum ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci, kuma abin da ya yi kyau a can ba ya ɓaci a babban allo. Ma'aunin da aka yarda da shi shi ne shafin ya karantu a faɗin fiksel 320 ba tare da an ja shi hagu da dama ba. Girman rubutu kada ya gaza fiksel 16, tazarar layi ta kai ninki ɗaya da rabi na girman harafi, tsawon layi kuma ya tsaya tsakanin haruffa 45 da 75. Maɓalli ya kai fiksel 44 zuwa 48 tsawo da faɗi, da ɗan fili tsakaninsa da maƙwabcinsa, in ba haka ba wanda ya nufi "Sabunta aro" zai taɓa "Fita". Jerin zaɓin da sai an ɗora masa linzamin kwamfuta yake buɗewa ba ya aiki a allon taɓawa, domin yatsa ba ya shawagi. Lambar waya kuma a yi ta yadda taɓawa ɗaya za ta kira.

Nauyin shafi kusan kullum hotuna ne. Hoton da aka ɗauko kai tsaye daga kyamara yakan kai faɗin fiksel 4000 da nauyin megabait huɗu ko fiye. A layin da ke gudun megabit ɗaya a daƙiƙa, megabait huɗu daƙiƙa 32 ne na jira, don kawai a ga hoton gini. A rage faɗin zuwa fiksel 1200 ko 1600, a adana shi a tsarin WebP ko JPEG, a matse shi ya sauko ƙasa da kilobait 200. Ido ba zai ga bambanci ba. A kuma rubuta tsawo da faɗin kowane hoto a cikin HTML don burauza ta tanadar masa gurbi tun kafin ya iso. In ba a yi haka ba, shafin zai yi tsalle daidai lokacin da mutum ya kai yatsa. Google ta ɗauki daƙiƙa biyu da rabi a matsayin iyakar lokacin da babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana, kuma PageSpeed Insights zai auna muku wannan kyauta, ya nuna fayil ɗin da ke jan ƙafa.

Hotunan nan masu juyawa da kansu a saman shafi, a ra'ayina a sallame su. Suna cinye fili mafi daraja, suna ƙara nauyi, suna gushewa kafin mai karatu a hankali ya gama layi. Yawanci ma sulhu ne kawai tsakanin sassan da kowanne ke son a gan shi a sama. Sanarwa ɗaya tsayayya ta fi su aiki. Nau'in haruffa kuma biyu sun isa, amma a tabbatar suna ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da duk wani harafi da tarinku ke buƙata, kada a wayi gari sunan littafi ya cika da ƙananan akwatuna. Dangin haruffan Noto an yi su ne don toshe wannan giɓi.

Ƙofa ga kowa

Laburare na kowa ne, har da makaho da mai raunin gani da wanda hannunsa ba ya riƙe linzami. Ƙa'idojin da ake bi a duniya su ne WCAG na ƙungiyar W3C, bugu na 2.2 ya fito a 2023, kuma matakin AA shi ne abin nema.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A batun launi dai sai an kawo mudun. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango dole ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Ruwan tokan nan mai lamba #999999 da masu zane ke so, a kan farin bango bai kai ko 3 ba. Mai lamba #767676 shi ne ya tsallake da ƙyar. Kada kuma launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Ɗigon kore na nufin littafi yana nan, ja na nufin an ara, amma ga wanda ba ya bambance ja da kore duk ɗaya ne. A rubuta kalmar kusa da ɗigon.

Kowane hoto mai ma'ana a ba shi gajeren bayani a gurbin alt, wanda manhajar karanta allo za ta furta. Hoton ado kuma a bar gurbin fanko don manhajar ta wuce shi. Kanun shafi a yi su da alamominsu na asali, H1 guda ɗaya, H2 a ƙarƙashinsa, ba a kumbura rubutu kawai ya yi kama da kanu ba, domin da su makaho ke tsallake daga sashe zuwa sashe. Rubutun mahaɗi ya faɗi inda za shi. Mai amfani da manhajar karanta allo yakan sa a jero masa mahaɗan shafi su kaɗai, to ku ƙaddara ya ji "danna nan" sau goma sha biyu a jere. "Dokokin aron littafi" ya fi.

Takardar da aka yi wa sikanin aka mayar PDF hoto ce kawai, ba a iya bincikenta ko karanta ta da manhaja sai an bi ta da OCR, fasahar da ke mayar da hoton rubutu rubutu na gaske. Bayanin da ake yawan nema, irin dokokin aro da yadda ake rajista, a rubuta shi shafi sosai, a bar PDF ga abin da za a buga. Idan kuwa dole ne a ɗora fayil, a faɗi nau'insa da nauyinsa a jikin mahaɗin. A kuma shaida wa burauza harshen kowane shafi, a yi amfani da UTF-8, tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffan kusan kowane harshe, rubutun Larabci a saita shi daga dama zuwa hagu.

Gwaji uku za ku iya yi yau ba tare da kashe ko sisi ba. Ku ture linzami gefe, ku zagaye shafin da maɓallin Tab kaɗai, ku ga ko kuna sanin inda kuke a kowane mataki kuma kuna iya cika fom har ƙarshe. Ku zuƙo shafin zuwa kashi 200 cikin ɗari ku ga ko rubutu ya hau kan juna. Sannan ku kunna manhajar karanta allo, NVDA a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android, ku rufe ido, ku nemi lokacin buɗewa. Kayan aunawa irin WAVE suna da amfani, sai dai wani ɓangare kawai suke kamawa. Za su gaya muku hoto ba shi da bayani, ba za su gaya muku bayanin shirme ne ba.

Rubutun kansa a taƙaita. Binciken bin motsin ido da Jakob Nielsen ya wallafa a 2006 ya nuna mutane kan karanta layukan farko, sannan su gangara ta gefe suna tsintar farkon layi. Don haka amsa ta zo a jimlar farko: littafi nawa ake ara, na kwana nawa, sau nawa ake sabuntawa. Sharuɗɗa da togaciya su biyo baya.

Amana da tsaro

Abin da mutum ya karanta sirrinsa ne, kuma wannan amana ba ta faɗuwa don an koma intanet. Duk shafin, har da kataloji, ya kasance bisa HTTPS, tsarin da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin mai karatu da shafin. Tun 2018 burauzar Chrome take yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Let's Encrypt na ba da takardar shaidar da HTTPS ke buƙata kyauta, amma gajeren wa'adi gare ta, kwana 90 aka saba, don haka a saita sabuntawa ta atomatik kuma a riƙa dubawa. Ranar da sabuntawar ta maƙale, gargaɗi mai ban tsoro ne zai tare masu karatu a bakin ƙofa.

Ku san abin da kayan ƙididdigar baƙi ke kwasa. Idan aka dasa su a shafukan kataloji, kalmomin da mutane ke nema na iya tafiya wurin wani kamfani, tunda sukan fito a cikin adireshin shafin. Manhajar ƙididdiga ta Matomo ana iya girke ta a kwamfutar laburaren, bayanan su zauna gida. Fom kuma kada ya tambayi abin da ba a buƙata: mai son sanin ko akwai wani littafi ba sai ya ba da ranar haihuwarsa ba.

Sunan yankin shafin, wato adireshinsa na intanet, da asusun masaukinsa, wato inda aka ajiye shi, su kasance da sunan hukumar, da imel ɗin hukuma, ba na ma'aikaci ɗaya ko ɗan kwangila ba. Mutum kan canja aiki, ya tafi da kalmar sirri, wa'adin suna ya ƙare ba wanda ya ga saƙon tunatarwa. Manhaja da ƙarin kayan da aka liƙa mata a riƙa sabunta su, wanda ba a amfani da shi a cire, don ta nan masu kutse suka fi shigowa. Ajiyar kwafi kuma uku: a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Sau ɗaya a wata uku a gwada dawo da shafin daga kwafin, saboda kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Gwaji da mutane biyar

Kafin a ƙaddamar, a samo masu karatu biyar waɗanda ba ma'aikata ba. Nielsen ya nuna a 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi, don haka gara a yi ƙaramin gwaji sau uku da a yi babba sau ɗaya. A ba kowa ayyuka huɗu ko biyar, a wayarsa in zai yiwu: "Littafin da ka ara gobe wa'adinsa zai cika, kana son ƙarin mako guda, nuna mini yadda za ka yi." A lura, ba a saka kalmar da ke jikin maɓallin a cikin tambayar, in ba haka ba an ba shi amsa. A gaya masa shafin ake gwadawa, ba shi ba, a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa. Sai mai gwajin ya kama bakinsa. Wannan ne mafi wuya ga ma'aikacin laburare, wanda ya saba da zarar ya ga mutum yana lalube sai ya miƙa hannu. A rubuta inda ya fara taɓawa, inda ya tsaya, da inda ya haƙura. Abin da ya kayar da uku cikin biyar, shi za a fara gyarawa.

Bayan ƙaddamarwa, kowane shafi ya sami mai shi da ranar sake dubawa. Sau ɗaya a wata a bi mahaɗai da manhajar gano matattu, tunda adireshin mujallu da rumbunan waje kan canja ba sallama. Idan ku da kanku kuka sauya adireshin wani shafi, ku sa turawa ta 301, mai kai baƙo kai tsaye daga tsohon zuwa sabon, don mahaɗan da malamai suka riga suka raba wa ɗalibai su ci gaba da aiki. Shafin 404 kuma, wanda ke fitowa idan ba a sami adireshin da aka nema ba, a sa masa akwatin bincike da hanyar tuntuɓa. Sashen labarai kuwa, in babu wanda zai riƙa ciyar da shi ko da sau ɗaya a wata, a cire shi, a ba lokutan buɗewa filin.